Wa ke da kaset ɗin Ibro Awilo?

Rubutun wannan makon ya samo asali ne daga musun da muka yi a majalisa, bayan wani ƙanenmu da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura ya kunna mana fim ɗin mawaƙan Ingila, Beatles, a kwamfutarsa. Sunansa A Hard Day's Night, na 1964, baƙi da fari. Samari huɗu 'yan Libaful, 'yan mata na bin su a guje har tashar jirgin ƙasa, daga nan sai shaƙiyanci da waƙa har ƙarshe. Turancin bai shige mu sosai ba, amma mun yi dariya. Wani dattijo ma cewa ya yi tashar ta tuna masa lokacin da jirgi ke kwana a Ƙaura, ƙarshen layin da ya taso daga Zariya.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne hasken hoton. Fim ya haura shekara sittin, amma tas kamar jiya aka ɗauka, domin a 2014 sun wanke shi sun sake fitar da shi don cikarsa hamsin. A watan Disambar wannan shekarar ce kuma muka rasa Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansa.

Mu namu fim ɗin waƙa da barkwanci ai Ibro Awilo ne. Awilo Longomba na Kwango ya cika ko'ina da kiɗansa, sai ga Ibro, tsohon gandiroba daga Ɗanlasan, ya ɗauke shi ya mai da shi ɗan gida, da shiga da rawa da komai. Mun kalle shi a gidan kallo, bisa benci, janareto na ruri a baya, mai gidan na jan labule kada waɗanda ba su biya ba su leƙa. Direbobin da suka dawo daga kasuwar Alhamis ta Shinkafi nan suke yada zango. Wasu abokanmu na Zurmi kan zo a kan mashin, a tashi ƙarfe sha ɗaya na dare, su kama hanya su koma gida lafiya lau. Yau wa zai gwada haka? Ko da rana sai an tambayi labarin hanya.

Ba mu ce komai na fim ɗin daidai ne ba. Malamai sun yi faɗa a kan rawar, iyayenmu sun zane wasunmu, kuma shi kansa Ibro an ɗaure shi a Kano a 2008 kan Ibro Aloko. Amma dai namu ne, kuma da shi muka girma.

Da muka tashi nuna wa yaran, sai muka rasa. Kaset ɗin da muka ajiye zafi ya cinye shi, faifan ya karce, gidan kallon ya koma shagon cajin waya. Ɗan guntun da muka samu a waya dishi-dishi ne, muryar na gaba hoton na baya. Yaran suka kalli minti biyu suka ce, “Baba, wannan ne abin dariyar?” Haushi ya kama mu, mun kasa ba su amsa.

Don haka muna cigiya. Duk wanda ke da kaset ko faifai mai kyau, a Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi, ya yi magana a ƙasa. Akwai mai na'urar juyawa a cikinmu, kuɗin mota kuma mun ɗauka.