Daga Funtuwa zuwa Malumfashi: Fim ɗin da ya ci shekara a tsakar gida

Uwargida, idan kina son ganin Funtuwa cikin kwalliyarta, ki zo da kaka. Da motarku ta baro Zariya ta wuce Giwa, za ki fara ganin masara a shanye a bakin titi, dawa ta sunkuyar da kai, manyan motoci suna rangaji da buhuna. Kafin ki sauka a tasha ƙurar hunturu ta shafa miki hoda kyauta. A makon jiya na yi wannan tafiya, na kwana biyu wurin gwaggona a Funtuwa, na wuce Malumfashi bikin 'yar yayata. Na kuma tafi da tambaya guda a bakina: cikin wannan shekara ta 2024 da ke shirin yi mana bankwana, wane fim ne ya fi zama a zuciyar matan yankin nan?

Abin da ya sa ni tambayar shi ne labarin da wataƙila kin gani a wayarki. Najeriya ta zaɓi fim ɗin Hausa, Mai Martaba, na Prince Daniel wanda aka fi sani da Aboki, ya wakilce ta a gasar Oscar ta Amurka, a rukunin finafinan ƙasashen waje. A Daura aka ɗauke shi, cikin jiharmu ta Katsina, labarin rikicin gadon sarauta ne, kuma Adam A. Zango na cikin jaruman. Na ɗauka zan tarar ana ta zancensa.

Funtuwa gari ne da ya saba da baƙo. Auduga ce ta raya shi tun zamanin Turawa, ita ta sa layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta nan, daga baya aka kafa masaƙa. Nan hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina suka haɗu, nan kuma Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa. Mutanen da suka saba jin waƙa daga bakin mai ita ba a burge su da sauƙi.

Ban fara da manya ba, na fara da wani yaro mai shagon tura finafinai a kusa da kasuwa. Kin san irin shagon: benci ɗaya, kwamfuta ɗaya, wayoyi a jere suna shan caji. Yara ne suka fi cika wurin, kowanne da wayar uwarsa ko memori a dunƙule cikin hannu, an aiko shi da saƙon abin da za a tura. Na tambayi mai shagon ko yana da Mai Martaba. Ya ce, "Hajiya, sunansa kawai muke ji. Ba wadda ta taɓa aiko a tura mata shi." Abin da ake aikowa, in ji shi, shirye-shirye ne masu dogon zango: Labarina, Manyan Mata, Garwashi, Izzar So, Gidan Sarauta.

Da dare, bayan an ci tuwon masara miyar kuɓewa, na buɗe zancen a tsakar gidan Gwaggo. Mu bakwai ne a kan tabarma, ana ɓarar masara ana hira. Matasan cikinmu Labarina suka zaɓa, na Aminu Saira, musamman zangon Mainasara, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin attajirin da ya ɓoye arzikinsa don ya gane mai sonsa tsakani da Allah. Gwaggo ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Ku dai yara ne. Wane mai kuɗi kuka taɓa gani ya ɓoye kuɗinsa a garin nan? Talaka ne ke ɓoye talaucinsa." Aka kwashe da dariya. Ita Manyan Mata ta zaɓa, na Abdul Amart, saboda yadda ya taɓo almajirci da 'ya'yan da iyaye ke saki ba kulawa. Ta ce tun da ta kalle shi, ba ta ƙara miƙa wa almajirin gidanta ɗumame ba tare da ta tambaye shi lafiyarsa ba.

A nan na fahimci ma'aunin da suke amfani da shi, kuma ina jin ke ma shi ne naki. Ba ruwansu da kyan hoto ko tsadar kyamara. Abu biyu suke dubawa: shin zan iya kallonsa yarana na zaune kusa da ni ban lalubi maɓallin kashewa ba? Shin abin da aka nuna yana faruwa a gidajen mutane?

Washegari na kama hanyar Malumfashi. Motar haya ce, mu huɗu a baya, buhun waken suya a ƙarƙashin ƙafata. Hanyar ta ratsa Bakori, garin da tashar Bakori TV ta Lawan Ahmad ke ɗauke da sunansa. Nan Izzar So ɗan gida ne. Wata mata da ta shigo a Bakori ta ce mini ita tun farkon shirin take bin Umar Hashim, kuma ko bayan rasuwar daraktansa Nura Mustapha Waye a 2022 ba ta daina ba. Ta yarda labarin ya yi tsawo, amma ta ce ɗan'uwa ba a yada shi don ya cika surutu.

Daga Bakori zuwa Malumfashi gonaki ne hagu da dama, karan dawa a tattare, mata na sheƙe hatsi iska na kwasar ƙaiƙayi. Sai dai idan kin san hanyar da, za ki lura da abin da ya canza. Direba ba ya son yamma ta yi masa a hanya. Hira na mutuwa a wasu wurare, kowa ya zuba wa daji ido, sai an wuce a ci gaba.

Malumfashi, garin Galadiman Katsina, na same shi cike da hidimar biki. A wurin girki, inda ake tuƙa tuwo a manyan tukwane, Garwashi ne ya yi rinjaye ba tare da gardama ba. Fauziyya D. Sulaiman ce ta rubuta shi, Fiddausi Yahaya ta fito a matsayin Ma'u. Matan suka ce ba su taɓa ganin an nuna wahalar mace marar gata kamar yadda take ba sai a nan: yadda dangi ke janye jiki, yadda kowa ke da abin faɗa a kanki amma ba mai kawo mudu ɗaya. Wata dattijuwa da ke yanka albasa ta ce ta kalli kashi biyu ta ajiye, don ba ta ga dalilin sayen data ta kalli rayuwarta ba.

Daren nan a ɗakin yayata na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta kwanta da waya tana kallo, abin sauraro a kunne ɗaya kawai. Na ce, "Yaya, ɗayan ya lalace ne?" Ta ce lafiyarsa lau, ɗaya kunnen na waje ne. Mijinta da babban ɗanta suna kwana a gona wurin sussuka, ita kuma ba ta iya barci sai ta ji asuba ta yi lafiya. Gonarsu ta nesa shekara uku ke nan ba a noma ta ba. Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020, maƙwabciyarsu ce. Fim a wurin Yaya abokin zaman dare ne, shi ke riƙe mata ido da zuciya har gari ya waye.

To, ga hasashena, uwargida, ki riƙe ni da shi. A tsakiyar Disamba masu Oscar za su tace finafinan ƙasashe fiye da 80 su bar 15, a Janairu su bar biyar, a yi bikin a watan Maris na 2025. Ina yi wa Mai Martaba fatan alheri, amma ban ga zai tsallake tacewar farko ba. Najeriya ba ta taɓa kai wa biyar ɗin ƙarshe ba. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji saboda Turancinsa ya yi yawa, abin da ya buɗe wa finafinan harsunan gida ƙofa. Bayansa aka tura The Milkmaid, shi ma da Hausa, bai kai ba. Gasar na son kuɗin talla da nuna fim ga masu zaɓe a can Amurka, kuma bana Emilia Pérez na Faransa da I'm Still Here na Brazil ne a bakin masu sharhi.

A gasar AMVCA ta Legas kuwa, ina sa ran za a ambaci sunansa, amma cin kyautar da wuya. A 2023 Hausa na da rukuninta, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci. A 2024 aka haɗe harsunan Afirka ta Yamma wuri guda, Jagun Jagun na Yarbanci ya ɗauka. Su suna da Netflix da gidajen sinima, mu muna da shagon tura fim.

Da ni ce alƙaliya, da ƙuri'un tabarmar Gwaggo da na murhun Malumfashi zan ƙirga. Rubutu na Fauziyya D. Sulaiman ne, jaruma Fiddausi Yahaya, jarumi Sadiq Sani Sadiq. Kyautar babban fim kuwa zan ajiye ta tukuna. The Milkmaid ya nuna ana iya ba da labarin matan da rikici ya ci, har ya samu kyautuka biyar a AMAA ta 2020, ciki har da ta Maryam Booth. Amma cikin duk abin da matan nan suka lissafa mini, babu labarin manomin da ya bar gonarsa, babu na matar da ke kallo da kunne ɗaya. Ranar da aka yi shi, yaron shagon Funtuwa ba zai huta da 'yan aike ba.

Da zan taho Yaya ta ɗaure mini daddawa da garin kuka, ta ce in na isa in kira. Ke fa, uwargida, wane shiri ne ya raka ki dare a bana, kuma kin bar yaranki sun kalla tare da ke?