Sikeli da Tiya a Kasuwar Dawanau

Duk wanda ya bar birnin Kano ya hau titin Katsina, tun kafin ya isa Dawanau manyan motoci za su shaida masa cewa ya kusa. Tireloli ne jere a gefen hanya, wasu ana sauke musu gero da dawa da masara, wasu ana loda musu riɗi da zoɓorodo da waken suya. Kasuwar tana cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Na yini a cikinta bayan kaka, lokacin da sabon amfanin gona ke kwararowa, na ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram a bakin fatake, na ga 'yan dako suna gudu da buhu a wuya kamar ba nauyi ba.

Ma'auni biyu ne ke aiki a wurin. Akwai babban sikeli a bakin sito-sito, inda ake auna riɗin da zai bi jirgin ruwa daga Legas zuwa ƙasashen Asiya, da zoɓorodon da ake kaiwa har Mekziko. Akwai kuma tiya a hannun 'yan awo, wadda magidanci ke tsugunawa a gabanta yana taya, yana lissafin kwana nawa za ta kai iyalinsa. Na daɗe ina kallon wani dattijo da ya tambayi kuɗin tiya uku na masara, ya ƙirga abin da ke aljihunsa, ya ce a auna masa biyu.

Ita ma ƙasa tana da nata sikelin, wato jimillar kayayyaki da ayyukan da aka samar cikin gida a shekara, abin da masana ke taƙaitawa da GDP. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take ɗora lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da harkokin da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata, irin su wayar salula da finafinai. Cikin yini guda tattalin arzikin Najeriya ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, ya wuce na Afirka ta Kudu. Lissafin ba ƙarya ba ne, gyara ne da ya daɗe da cancanta. Sai dai washegari babu ɗan dakon da ya ga ƙarin ko sisi a ladansa, domin dukiyar dama tana nan, ƙirga ta ne kawai ba a yi ba.

Mutumin da ya aza harsashin wannan lissafi, Simon Kuznets, tun a rahotonsa na 1934 ga majalisar dokokin Amurka ya yi gargaɗin cewa da ƙyar za a iya gane walwalar al'umma daga yawan kuɗin shigarta. Sikelin yana faɗin nauyin kaya, amma bai san na wane ne ba. Bai kuma ƙirga girkin uwargida, ko renon yara, ko jinyar tsoho a ɗaki, tunda ba a biya kowa ba. A Dawanau wannan giɓi a fili yake: a gindin tirelar da ke ɗauke da kayan miliyoyin naira, mata ne da tsintsiya da faifai suna tattara hatsin da ya zube, su sheƙe ƙasar, su kai gida.

Irin wannan ne ya sa masanin Pakistan, Mahbub ul Haq, ya jagoranci fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam a 1990, wanda ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. Mu ma a nan an gwada duba tiyar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a Nuwamban 2022 ya tambayi gidaje game da abinci, da nisan asibiti, da zuwan yara makaranta, da ruwan sha, da makamashin girki, da aikin yi, da matsalar tsaro. Sakamakon ya nuna mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na al'umma, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 ne, a Ondo kashi 27.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda alƙaluman bunƙasar tattalin arziki ke fitowa duk wata uku, gwamnati ta yi ta shela da su, alhali irin wancan bincike na gidaje sai an yi shekaru ba a sake shi ba. Gwamnan da ke neman a yaba masa ya kamata a tambaye shi yara nawa suka koma aji, kuma mata nawa suka haihu a gaban ma'aikaciyar lafiya a zamaninsa. Farashin abinci ya haura da fiye da kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabace ta, a daidai lokacin da tattalin arzikin ke ƙaruwa da kimanin kashi 3 a takarda.