Inuwar da Ake Neman Izininta

A ƙasar Aliero, inda noman albasa ke riƙe da rayuwar jama'a, rana abokiyar aiki ce. Amma ga zabiya, wanda fatarsa ke da ƙarancin sinadarin melanin, ranar bazara da ke haura maki 40 abar gudu ce, domin ƙunarta kan taru shekara da shekaru har ta zama sankarar fata. Ina da ƙanwa zabiya a Sabiyal, shi ya sa nake bibiyar duk wata doka da ta shafi inuwa.

Dokar soja ta 1991, wadda aka kafa zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta haramta sanya gilashi mai duhu a mota, sai dai ta bar ƙofa ga mai hujjar lafiya ko ta tsaro ya nemi izinin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. A 2025, Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya farfaɗo da wannan izini ta intanet, har Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya ta garzaya kotu. Hujjar hukuma abar fahimta ce: a ƙasar da garkuwa da mutane ta yi kamari, dole jami'i ya ga wanda ke cikin mota.

Abin da ke damuna shi ne, wa aka buɗe wa ƙofar? Izinin yana bin mota ne da mai ita. Ƙanwata kuwa, in za ta kasuwar Jega, motar haya take shiga ko ta hau babur. Wane direban haya ne zai nemi izini saboda fasinja guda? Haka rangwamen da aka yi domin marar lafiya ya zama na mai hali.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba. Duhun gilashi ido yake taimako, kuma idon zabiya ba ya jure ƙyalli. Amma hasken da ke lalata fata ba a ganinsa, kuma gilashin gefe na yau da kullum yana barin wani kaso nasa ya ratsa. Akwai leda marar launi da ake mannawa ta tare shi. Da motocin haya za su sa irinta, da fasinja ya tsira, jami'i ma ya ga cikin mota.

Tun 2006 gidauniyar da Jake Epelle ya kafa ke fafutukar kare zabiya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu 13 ga Yuni. Amma saƙon bai wadatu da Hausa ba. A nan nauyi ya hau kanmu, manazarta: mu samar da kalmomin da manomin albasa zai gane cewa jan da fatar ɗansa ke yi gargaɗi ne, ya sa masa malafa da riga mai dogon hannu tun yana ƙarami. Rigakafi, in ji Bahaushe, ya fi magani.