Daga Tebaram zuwa ƙofar jirgi: takardar awo da nisan hanya

Tebaram gari ne na arewacin Adar, cikin gundumar Tawa, yamma da birnin Tawa, bisa hanyar da ta nufi Sanam da Filinge. Ƙasa ce ta gero da wake, inda gonakin ƙarshe suke gamuwa da hurumin makiyaya, Adarawa suna noma, Fulani da Buzaye suna ratsawa da bisashe. Damina a nan ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Da zarar an kai amfani rumbu, sai majiya ƙarfi su ɗaure kaya su tafi bida: wasu Abijan, wasu Legas ko Kamaru, wasu kuwa su yi arewa, Aljeriya da Libiya. Abin da suke aikowa ta gidajen aika kuɗi shi ke riƙe da gidaje da yawa har a ga sabon hatsi. Saboda haka tafiya a Adar sana'a ce kamar noma, kuma duk abin da ya taɓa hanya ya taɓa tukunya.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga takardar lafiya. Tun da daɗewa sun san karne mai launin ɗorawa na allurar shawara, wanda ake tambaya a kan iyaka, alhazai kuma sun san allurar sanƙarau da Saudiyya take ɗora musu. Amma waɗannan takardu ne masu dogon rai. An yi wa mutum allura sau guda, ya adana karnensa cikin akwati shekara da shekaru. Annobar korona ce ta zo da takarda mai gajeren kwana, wadda take lalacewa kamar nono a rana.

A ranar 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar, kuma a wannan mako aka rufe iyakokin ƙasa da na sama. An sake buɗe hanyar jirage ranar 1 ga Agusta 2020, bisa sharaɗin kowane matafiyi ya nuna shaidar awon PCR da aka yi cikin awa 72. Iyakokin ƙasa kuwa sai a watan Yuni 2021. Kodibuwar, inda Adarawa suke da yawa, ta bar nata iyakokin ƙasa a rufe har watan Fabrairu 2023. Ke nan kimanin shekara biyu da rabi hanyar da doka ta yarda da ita zuwa Abijan ita ce ta sama, ta filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Wanda bai da halin jirgi, ko ya haƙura ya zauna, ko ya bi ɓarauniyar hanya bisa babur, da duk abin da ke cikinta na tsada da haɗari.

Wanda yake da halin ma, bai tsira ba. Uwar awo a ƙasar ita ce cibiyar CERMES ta Yamai, wadda asalinta an kafa ta domin binciken sanƙarau da tsargiya. A watan Maris 2021 shugabannin ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe 8 masu kuɗin sefa, suka tsaida kuɗin awon mai shiga jirgi a kan jika 25, suka kuma ce takardar tana aiki har kwana 5 tsakanin ƙasashensu. Ga mazaunin Yamai, wannan aikin hantsi guda ne. Ga mutumin Tebaram kuwa, sai ya fara neman motar da za ta kai shi Tawa, ya kwana tasha, ya shiga kar ta asuba ta bi da shi Kwanni, Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 550, ya sauka gidan dangi, ya bi layi, ya jira sakamako, yana ƙirga awoyi da tikiti a aljihu. In aka ɗaga tashin jirgi, takarda ta mutu, sai a sake biya. In awo ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar, ko da bai jin ko ciwon kai, to ya zama baƙon dole a babban birni. Jika 25 ɗin nan ita ce mafi ƙanƙanta cikin abin da nisa yake ci masa.

Maniyyata sun fi kowa ɗanɗana wannan. A 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. A 2022 ta buɗe ƙofa ga mutum miliyan guda, amma da sharuɗɗa uku: kada shekarun mutum su kai 65, ya yi allurar rigakafi, ya kuma zo da awon PCR na cikin awa 72 kafin tashi. Dattijon da ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera daga abin da ƴaƴa suke aikowa, ƙa'idar shekaru ta tsaida shi. Wanda ya tsallake ta, sai ya rataya zuciyarsa ga tsinke mai auduga da za a zura masa a hanci kwana uku kafin jirgi.

A daidai wannan lokaci, can Amurka, an samo wata dabara ta rage wahalar. Tun ranar 26 ga Janairu 2021 ƙasar ta wajabta wa duk mai shigowa ta jirgi ya nuna awo na cikin kwana 3, kuma daga 6 ga Disamba 2021 aka rage wa'adin zuwa kwana guda. A watan Mayu 2021 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta ce za ta karɓi awon da mutum ya yi wa kansa, muddin wani ma'aikaci ya kalle shi kai tsaye ta bidiyo. Wanda ya fi shahara shi ne BinaxNOW na kamfanin Abbott, da aka riƙa yi tare da masu sa ido na kamfanin eMed. A lokacin ana sayar da ƙunshi mai guda 6 a kan dalar Amurka 150.

Ga yadda abin yake. Matafiyi zai sayi kwalin tun kafin ya baro gida, ya sa shi cikin jaka ba tare da ya buɗe ba. Ranar awo sai ya kira ta wayarsa, ma'aikaci ya bayyana a fuskar waya, ya duba fasfonsa, ya duba lambar kwalin, ya tabbata a rufe yake. A gabansa matafiyin zai ɗiga ruwan awo sau 6 cikin kati, ya juya tsinke a kowace kafar hanci, ya cusa shi cikin katin ya rufe. Bayan minti 15 a nuna katin ga kyamara: layi guda, babu cutar, layi biyu, akwai ta. Nan take takarda ta iso cikin waya, a nuna ta a filin jirgi.

Abin lura shi ne, ba awon kansa ake saye ba, domin irin wannan kati kowa zai iya amfani da shi a ɗakinsa. Shaida ake saye. Kamfanin jirgi ba ya karɓar "na auna kaina, lafiya lau nake", kamar yadda alƙali ba ya karɓar da'awa sai da wanda ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Dabarar dai ita ce an ɗauko idon mai shaida daga ƙetaren teku an kawo shi cikin tafin hannu.

Ɗan Nijar mazaunin Niyok ko Girinsboro da ya zo ganin gida a Adar cikin waɗannan shekaru, wannan kwali yana iya yi masa rana. Da wa'adin kwana guda, zai iya yin awonsa da sassafe a Tawa, ya shiga mota, ya tashi daga Yamai washegari, in dai ƙasashen da zai ratsa ba su nemi wani abu daban ba. To amma kwalin yana da nasa sharuɗɗa da ba a rubuta a jikinsa ba: waya mai kyamara, kuran da za a cika ta, rezo mai ƙarfin ɗaukar bidiyo na kusan rabin awa ba yankewa, katin banki na biya, da jin harshen mai sa ido. A ƙauyukan Tebaram, inda ake cajin waya da farantin hasken rana a kasuwa, inda wani lokaci sai an hau tudu ake samun kira, kowane ɗaya cikin waɗannan shinge ne. Bayan haka, awon kati ba PCR ba ne, alhali PCR Saudiyya ta nema, shi ne kuma aka saba tambaya a filayen jiragen Afirka ta Yamma. Dabarar da aka ƙirƙiro domin rage nisa ta fi amfanar waɗanda dama suke kusa.

Yanzu duk wannan ya zama tarihi. Amurka ta soke sharaɗin awo ranar 12 ga Yuni 2022, Saudiyya ta janye ƙa'idar shekaru a hajjin 2023, kuma ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa. Motocin Tawa sun koma cika da ƴan bida bayan kaka, ko da yake matsalar tsaro da rikicin iyakoki na bayan 2023 sun kawo nasu cikas.

Sai dai ƙasar da ta ga sanƙarau a 1995 da 1996, ta ga korona a 2020, ta san annoba ba ta yin sallama ta har abada. Darasin yana nan: tun da an yarda ido zai iya shaida daga nesa, babu abin da zai hana majon likitar Tebaram ya ɗauki samfur, lokotoro a babbar likitar Tawa ya tabbatar ta waya, takarda ta fito da hatimin da filin jirgi ya sani. Abin da ake bukata shi ne kuran a gidan likita, rezo mai tsayawa, na'urar awo a babban birnin jaha, da yarjejeniya tsakanin ƙasashe cewa takardar Tawa daidai take da ta Yamai. Tun ran gini, ran zane. Allah ya kiyaye matafiya, ya maido kowa gidansa lafiya.