Shinkafa a Gambiya da Gini-Bisau

A can ƙarshen Afirka ta Yamma, bakin babban teku, akwai waɗansu ƙananan ƙasashe biyu, Gambiya da Gini-Bisau. Kowace mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Tsakaninsu sai wani ɗan yanki na ƙasar Sanagal da ake kira Kasamans, wanda mota takan ratsa a yini guda. Dukansu biyu shinkafa ce babban abincinsu, kamar yadda tuwon dawa yake a wurinmu, dukansu kuwa ba sa noma abin da zai ishe su.

Da Gambiya muka fara. Ƙasar siririya ce, kwance a gefe biyu na Kogin Gambiya, faɗinta bai wuce mil 30 ba. Da muka bar Banjul muka nufi gabas, sai muka ga kamar a ƙasar Zazzau muke: ga gero, ga masara, ga ɗan acca, ga gyaɗa ko'ina. Gyaɗar ita ce amfanin gonar da ke kawo kuɗi tun zamanin Ingilishi, kamar yadda ta yi a Kano lokacin dalar gyaɗa. Maza ne ke nomanta a tudu, mata kuwa su ne da shinkafa a fadamu. Amma kogin yana da wani hali. Da rani ruwan teku yakan hauro cikinsa fiye da mil 100, ruwan gishiri kuwa ba ya ban ruwa. Sai an yi nisa wajen Janjanbure, watau Jojtawun ta dā, kafin a sami ruwan daɗi duk shekara. A wannan yanki aka buɗe babban aikin noman rani na Jahali-Pacar a 1984. An sami amfani da fari, amma aka yi ta jayayya a gidaje, gama fadamun da mata suka saba nomawa sun koma hannun magidanta, injunan ban ruwa kuma suna bukatar mai da gyara.

Saboda haka yawancin shinkafar da ake ci a Gambiya ta jirgin ruwa take zuwa. A kasuwar Serekunda mun ga buhuna jibge, tsakin shinkafa ne daga ƙasashen Asiya, shi ne mai araha, da shi ake dafa-dukan da suke kira benacin. Sa'ad da Indiya ta hana fitar da irin wannan tsaki a 2022, uwayen gida a nan sun ji a tukunyarsu.

Daga nan muka bi ta Ziginco muka shiga Gini-Bisau. Nan ƙasa ta sāke. Ruwan sama a kudancinta yakan kai inci 80 a shekara, ninki biyu na Gambiya. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne gonakin kabilar Balanta. Waɗannan mutane sukan ƙwace ƙasa daga bakin teku. Sukan sare itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, su gina doguwar ganuwa ta laka ta tare tekun, su bar ruwan sama ya wanke gishirin shekara da shekaru, sa'an nan su yi kunya da wata doguwar garma ta itace mai bakin ƙarfe, su dasa shinkafa. Ba taki, ba inji. Sai dai ganuwar tana son ƙarfin samari kowace shekara. In ta ɓalle wuri ɗaya, gishiri ya ɓata aikin kaka da kakanni. A zamanin mulkin Fotugal har waje ake kai shinkafar kudu. Yaƙin neman 'yanci na 1963 zuwa 1974 ya watsa ƙauyuka, ganuwa da yawa suka rushe. Shugaban yaƙin kansa, Amilka Kabral, malamin gona ne, shi ya zaga ƙasar yana ƙidayar gonaki a 1953.

Bayan yaƙi sai noman yazawa ya bunƙasa. Yau ƙwallon yazawa shi ne kusan dukan abin da ƙasar ke sayarwa waje, ɗanye ake kai shi Indiya da Biyetnam. 'Yan kasuwa sukan shiga ƙauye da buhunan shinkafar waje, a yi musaya. A shekara mai kyau kilo ɗaya na ƙwallo yakan karɓi kilo ɗaya na shinkafa. A 2013, da farashi ya faɗi, sai da manomi ya ba da kilo biyu har uku.

To, wace ta fi zama lafiya? Mu da muke koya wa yara labarin Yusufu da rumbunan Masar, ba mu ga wadda rumbunta ke cikin gida ba. Gini-Bisau ta fi noma abincinta, tana da ruwa, tana da gwanaye. Amma a ganinmu manomin Gambiya ya fi ta wani abu guda: gyaɗa shukar shekara ce, in ta ƙi kasuwa bana, baɗi sai ya mai da gonar ta gero. Wanda ya cika gonarsa da itatuwan yazawa kuwa ya ɗaure ta shekaru masu yawa, inuwarsu ba ta barin hatsi ya yi, samarin da za su gyara ganuwa kuma sun tafi Bisau da Dakar neman aiki.