A Bar wa Mulufi Fili a Hoto

Mai ɗaukar hoton mulufi a gonakin geron Kurfi, ko a bakin madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma, yakan datse gefen hoton har tsuntsun ya cika shi. A ganina asara ce. Karan da ya sauka a kai shi ke nuna ƙanƙantarsa, ɗanyen ganye kuma ya shaida damina ce, lokacin da namijin ke yin ja. Wani zai ce ciyawa na raba hankalin mai kallo. Gaskiya ne, amma maganin shi ne a rage tarkacen bayansa, a bar fili ta inda ya fuskanta. Yawan datsewa ma dusashe gashinsa yake yi, musamman a hoton waya.