Wasiƙa daga Zermu

Aminina,

Mu nan Zermu lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu, alhamdu lillahi.

Ka tambaye ni me ya sa Damagarawa ke ɗaga kai in ana zancen sarauta. To, saurara. Ku a Kano daga hannun Shehu aka karɓo tuta, mu kuwa Borno muka fuskanta. Gidan sarautarmu asalinsa Barebari ne, zuriyar Malam Yunus, kuma Sakkwato ba ta taɓa mallakar ƙasar nan ba.

Wanda ya ɗaukaka Zindar shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har igwa maƙeransa ke ƙerawa a cikin gari. Amma dukiyar daga Zango take shigowa, unguwar Buzaye da fatake da ke wajen ganuwa. Nan ayarin raƙuma ke sauka da gishirin Bilma da hajar Tarabulus, ya tashi da fatu da gashin jimina da bayi. Zancen bayin nan yana ci mini rai, aboki. Ƴaƴan talakawa ne irinmu ake kamowa daga ƙauyuka, shi ya sa ba na son a riƙa tsallake su in ana kirarin sarakuna.

Sarki Amadu Kuran Daga kuwa kun san shi, tunda ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. A zamaninsa aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransawa a Zindar a 1898. Shekara na zagayowa Faransawa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga Birni, Amadu ma aka kashe shi. Daga baya suka mai da garin babban birnin Nijar, sai a 1926 suka kwashe mulki zuwa Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilansu, kuma har gobe ƴan garuwa ba su rasa ciniki ba.

Ganuwar ta zaizaye, sai guntaye nan da can, kowace damina tana cin rabonta. Amma fada na nan, da tsofaffin gidaje masu zane a goshin zaure. Ka yi ƙoƙari ka zo da Babbar Salla mu zaga Birni da ƙafa. Ka sanar da ni ranar tasowarka in tarye ka a tasha.

Naka,
amininka na Zermu